Agogon kaka ba kayan narkawa ba ne

Makon jiya wani saurayi ɗan Bukoki ya kira mu a rediyo. Kakansa, tsohon sojan Faransa, ya bar musu agogon aljihu mai sarƙa da gidan azurfa. Wani mai gyara a wajen kasuwar Katako ya ce zai cire injin ya mai da shi agogon hannu, shi kuwa ya riƙe gidan a bakin ladansa. Ya yarda?

Mun ce masa a'a, kuma har yanzu muna kan bakanmu.

Dabarar ba yau ta fara ba. A yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918, soja ba shi da sukunin laluben aljihu cikin rami, sai anka riƙa liƙa wa agogo ƴar waya gefe biyu ana zura fata. Daga nan maza sunka saba da ɗaura shi a hannu. A Amurka ma akwai kamfanin Vortic da ke wannan sana'a, amma galibi injunan da anka riga anka narkar da gidajensu yake tsinta. Marayu yake gina wa ɗaki. A nan kuwa ana son a rushe ɗaki a kan mai shi.

Mu duba injin kansa. An ƙera shi ne don ya kwanta cikin aljihu. Mafi yawan irinsu ba su da abin tare girgiza, ga bakin sandar da ke kaɗawa a tsakiyarsa siriri kamar gashi. Bugu ɗaya a kan kabu-kabu ya isa ya karya shi. Sai zufa, sai ƙurar hunturu. In ya karye wa zai sassaƙa wani? Tun da Seiko ta fito da agogon batir a 1969, masu wannan hannun sai raguwa suke, da yawa canjin batir ya zama aikinsu.

Ba raina Katako muke ba. Mutanen da ke mai da tsofaffin gwangwanaye tukwane sun ci a yaba musu. Amma gwangwani ba shi da magada. Agogon nan gado ne, azurfarsa tana da nauyi da kuɗi, kuma saurayin bai ko shawarci gwaggwanninsa ba. Sau da yawa a cikin murfin ne ake samun lamba, ko suna, ko alamar wanda ya taɓa gyara shi. Ranar da ya shiga wuta, shi ke nan.

In sha'awar ɗaurawa ce ta dame shi, ya je wajen dukawan gidan tarihi na Bubu Hama su ɗinka masa kube na fata mai maɗauri. Agogon ya shiga ɗungurungum ran salla, da yamma ya fito ya koma akwati.