Majigin Da Aka Kama, Ya Ƙi Ɓata

A birnin New York na ƙasar Amurka, cikin shekarar 1962, wani mutum ana ce da shi Jack Smith ya tara abokansa bisa rufin wani gidan silima, ya ɗauki majigi da tsohon fim wanda wa'adinsa ya wuce, domin ba shi da kuɗin sabo. Ya sa masa suna Flaming Creatures. Abin da ke ciki maza ne masu shigar mata, da rawa, da tsiraici a fili. Aka fara nuna shi a 1963.

A watan Maris na 1964 'yan sanda suka faɗa gidan da ake nuna shi, suka kwashe fim, suka kama Jonas Mekas da abokan aikinsa, kotu kuwa ta same su da laifin batsa. Magana ta kai Kotun Ƙoli, aka kore ta a 1967. Alƙali Abe Fortas yana cikin waɗanda suka so a soke hukuncin. Da aka so naɗa shi Alƙalin Alƙalai a 1968, sai Strom Thurmond ya sa aka nuna wa 'yan majalisa fim ɗin don a ɓata shi. Fortas bai sami kujerar ba, ko da yake akwai waɗansu dalilai.

To, abin da ya shiga shari'a haka ya zama shaida, shaida kuwa ba a barinta ta ruɓe. Mai ƙyamar fim ɗin da mai yabonsa duka suna bukatar a same shi, in ba haka ba sai su yi ta gardama kan jita-jita. Fim kuwa abu ne mai lalacewa: damshi da zafi suna cinsa, ya ƙanƙance, ya yi warin tsami.

Saura kaɗan ya salwanta. Jerry Tartaglia ne ya tsinci asalinsa cikin tarkacen da aka yar, ya mayar wa mai shi. Bayan Smith ya mutu a 1989, shi Tartaglia ya zauna ya gyara abin da ya bari, alhali Smith ya tafi bai kammala yawancinsu ba. Andy Warhol da John Waters duk sun koyi abu daga gare shi.

A 2015, bayan shekara 51, lauyan gwamnatin da ya gabatar da ƙarar, Gerald Harris, ya rubuta wa Mekas takarda yana neman gafara. Mekas ya yafe masa.