Shaihu Umar: Na Takarda da Na Majigi

Yau mu ɗan ajiye zancen canji da kwastan, mu taɓa wani tsohon littafi da fim ɗinsa, don labarin ya shafi duk wanda ya haifi 'ya'ya nesa da gida.

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar yana malamin makaranta a Bauchi, lokacin gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda ta haifar da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Ɗan ƙaramin littafi ne, a zama biyu ka gama shi. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya ɗauke shi a fim a 1976, shekara goma bayan kisan marubucin. Fim ɗin ya daɗe da ɓacewa, sai da aka gano shi a ma'ajiya, aka gyara, aka nuna a bikin fina-finai na Balin a Jamus a 2018.

Duka biyun wuri ɗaya suka fara. Babban malami na zaune cikin almajiransa, aka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya kwance bakin jaka. Ɗan Kagara ne. Uba ya rasu, mahassada sun sa an kori mijin uwarsa, Makau, daga gari. Uwar ta bar yaron hannun amana ta je ganin iyayenta, kafin ta dawo an sace shi. Daga hannu zuwa hannu ya kai Kano, wani Balarabe ɗan kasuwa, Abdulkarim, ya ƙetara Sahara da shi zuwa Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa har ya zama malami. Uwar ta bi sawu, ita ma aka yaudare ta aka sayar. Sun haɗu daga ƙarshe, amma ba ta daɗe ba ta cika.

To ina suka rabu? Fim ya ba ka hanya. Raƙuma, rawuna, zaman fada, rairayin da ba ya ƙarewa, duk ga su a idonka, awa biyu da 'yan kai, kuma a hankali yake tafiya kamar ayarin kansa. Yaron da ya tashi a Kumasi ko Duwala, wanda bai san fatauci ba sai na tirela da kwantena, zai ga yadda kakanni suka yi nasu. Zai kuma ga abin da ba mu cika son faɗi ba: a cikin hajar wancan ayari har da mutane. A takarda ido kan zarce kalmar bawa ya wuce. A majigi kuwa bawan yana da fuska, kuma fuskar irin tamu ce.

Shi littafi murya ya ba ka. Shaihu ne da kansa ke magana, dattijo, cikin natsuwa, ba kuka ba zagi. Ya faɗi alherin Abdulkarim, bai kuma ɓoye irin cinikin da ake yi a wannan hanya ba, ya bar maka hukunci. Har wahalar uwarsa, wadda ba a gabansa aka yi ba, ya tattaro ya jera daki-daki. Wannan aikin ne kyamara ta ɗauke masa. Da zarar hoto ya fara gudu, sai ka manta akwai wani tsoho da ya zauna ya haɗa guntayen rayuwarsa har suka zama amsa. An ce gani ya kori ji, amma a nan ni dai ina ganin ji bai koru ba.

Ga inda zancen ya iso ƙofarmu. Wata rana za a tambayi ɗanka, a makaranta ko wajen neman aure: kai ɗan ina ne? Umar yana ƙarami ya bar gida, ya girma cikin wani harshe, amma da aka tambaye shi ya lissafa garuruwa da sunaye ɗaya bayan ɗaya. Yawancin 'ya'yanmu iyakarsu su ce "Babana ɗan Kano ne," ko "ɗan Maraɗi." Wace unguwa? Wa ya fara fitowa, me ya fito da shi, a zangon wa ya sauka? Shiru.

Shawarata, Alhaji da Hajiya, duk mai zuwa gida sarin kaya a ba shi saƙon littafin, bai kai kuɗin turmin atamfa ba. A karanta wa yara babi-babi bayan sallar isha'i. Wanda Allah ya haɗa shi da fim ɗin ya kalla tare da su, amma bayan karatun. In an kai ƙarshe, a rufe littafi, maigida ya gyara zama ya ba da nasa labarin, uwargida ma ta ba da nata.

Allah ya raya mana zuri'a. Sai fitowa ta gaba.