Zomo Ba Kaza Ba Ne: Gyara Ga Masu Kiwo A Yankin Kura

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, yankin Kura da Bunkure da Kadawa ya zama wurin da ɗanyen ganye ba ya yankewa, rani da damina. Wannan dama ce babba ga makarantun sakandare da ke son koyar da kiwon zomo. Sai dai akwai kuskuren da ya kamata a gyara, wato ɗaukar zomo tamkar kaza, a riƙa cika masa kwano da dusa ko tsaki, ana zaton gata ake yi masa.

Cikin zomo daban yake da na kaza. A mahaɗar ƙaramin hanjinsa da babba akwai wata babbar jaka, cike da ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda ke narka zare-zaren ciyawa. Daga jakar nan ne wani kashi mai laushi ke fitowa, galibi da dare ko da asuba, zomo ya sa baki ya haɗiye shi tun bai faɗi ƙasa ba. Ba ƙazanta ba ce. Ta nan yake samun ƙarin furotin da bitamin B. Idan hatsi ya yi yawa, ciyawa ta yi kaɗan, sai hanjin ya yi sanyi, halittun nan su rikice, gudawa ko kumburin ciki ya biyo baya. Ga shi kuma zomo ba ya iya amai, haƙoransa kuwa ba sa daina girma, sai tauna ciyawa ke zaizaye su.

Saboda haka harawar gyaɗa ko ta wake da busasshiyar ciyawa su ne ya kamata su zama ginshiƙin abincinsa. A ƙara da ganyen dankali da na zogale, dusa kuwa kaɗan. Zomo mai tasowa yana buƙatar furotin kimanin kashi 16 cikin 100.

Wani zai ce harawa tsada take da rani, dusar shinkafa kuwa tana nan a injinan Kura. Gaskiya ne, amma dusar da ta cakuɗa da ɓuntu ba ta da ƙarfi, kuma arha ba ta mayar da zomon da ya mutu. Makarantar da ta adana harawa tun kaka ba za ta koka ba.

Lambu ma yana da haɗarinsa. Ganyen tumatir da albasa suna cutar da zomo, haka ciyawar da aka yi wa feshi, da gyaɗar da ta yi fumfuna. Sabon abinci a shigo da shi sannu a hankali. Zancen cewa zomo ba ya shan ruwa kuwa camfi ne, musamman a zafin Afrilu.

Ya dace malaman aikin gona su fara darasi daga cikin zomo kafin a kafa keji, su kuma nemi shawarar masanan cibiyar binciken dabbobi ta Shika, Zariya.