Rini Ba Sai Da Karofi Ba

Rini ya shiga tarihin Katsina har ya kai ga sunan ɗaya daga cikin waliyyanta. Wali Ɗan Marna, malamin ƙarni na 17, da marina ake kiransa, kuma a maƙabartar da ke ɗauke da sunansa aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. Amma a tsayar da matashi guda a Ƙofar Soro a tambaye shi yadda ake haɗa baba, da wuya ya wuce sosa ƙeya.

An saba ɗora laifin a kan galura, kuma da gaskiya a ciki. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin masana'anta a 1897, kasuwar baba ta kama hanyar gangara a duniya duka. Atamfa da shadda na waje suka ƙarasa aikin. Ko marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, ramukanta da yawa sun bushe.

Sai dai akwai wani laifin da ke cikin gida. Bahaushe ya ɗauki rini a matsayin sana'ar gado, ta maza, wadda ba ta yiwuwa sai da rami mai zurfi. Wanda bai gada ba ba ya kusantarta, wanda ya gada kuma da ya ga ba ta ciyar da iyali sai ya kama wata. Ba a bar gurbi ga mai son yi don sha'awa kawai ba. A Japan kuwa, inda yankin Tokushima ya shahara da baba, da Ingila da Amurka, akwai ma'aikata da 'yan fansho da ke rina zare a bokiti ranar hutu, kuma kuɗinsu na cikin abin da ke riƙe da masu noman ganyen.

Ga mai son gwadawa, zaren auduga shi ne mafarin da ya fi sauƙi. Ba ya cin wuri, in ya ɓaci ma asarar kaɗan ce. Ana fara dafa shi da sabulu da 'yar kanwa, domin auduga tana da wani maiƙo da ke hana ta shan launi. Wanda ya tsallake wannan, zarensa zai fito dabbare-dabbare. Daga nan sai ruwan baba, wanda aka haɗa da toka aka bari kwanaki ana motsawa har ya tsima ya yi kumfa. A tsoma zaren, a matsa shi a hankali a ƙarƙashin ruwan, a ɗago. Kore-kore zai fito, mai ban haushi, har sabon shiga ya zaci aiki ya lalace. Kafin ya gama salati iska ta buge shi, ya juye shuɗi a hannunsa. A sake tsomawa, a sake shanyawa, kowane zagaye launin na ƙara duhu har ya kai irin na turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa.

Sauran launukan ma suna kusa. Saiwar rawaya tana ba da ruwan ɗorawa, karan dafi ja, bagaruwa kuma in ta haɗu da ruwan tsatsar ƙarfe baƙi take bayarwa. Waɗannan sun fi son a fara jiƙa zaren a ruwan bagaruwa da alif, in ba haka ba wanki biyu ya kwashe su.

Mai rini da galura a gida, shi kam sai ya yi hattara. Sodar da ake haɗa ta da ita tana cin fata, tana kuma iya makantarwa. Safar hannu dole ce, tukunyar rini ba ta komawa madafa, ruwan kuma ba a sake shi a kwatar da yara ke wasa.

Wani zai ce mutanen da ke fama da tsadar masara ina suka ga lokacin wasa da zare? Tambayar na da nauyi. To amma a cikin gidajen birnin nan mata nawa ne ke ɗinkin hula da saƙa da zaren da aka sayo a kanti, alhali jihar Katsina na cikin manyan masu noman auduga a Najeriya? Funtuwa da Malumfashi ba a wata ƙasa suke ba. Hular da mai ita ta rina zarenta da hannunta ba za ta yi kuɗi ɗaya da ta gama-gari ba.

Abin da ya fi ƙaranci shi ne masu koyarwa. Dattawan da suka san ƙamshin baban da ya nuna, suka san lokacin da yake neman ƙarin toka, suna ta raguwa, kuma wannan ilimi a hanci da tafin hannu yake. Ya kamata cibiyoyin koyon sana'a na jihar, da makarantun mata na unguwanni, su nemo su su biya su, a zaunar da ɗalibai gaban bokiti tun ana samun mai nunawa.