Kafin Ɗan'uwa Ya Soke Fistol A Ƙugu

Wata magana ta fara yawo a majalisun samari, daga Dudunni har cikin garuruwan Kusada da Kankiya, wai lokaci ya yi da kowane ɗan'uwa zai sayar da babur ko amfanin gona ya mallaki ƙaramar bindiga, irin wadda ake sokewa a ƙugu, mai ɗana kanta bayan kowane harbi.

Babu mai adalcin da zai ce tsoron banza ne ya haifi wannan magana. Jihar da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara cikin dare ɗaya a Disambar 2020, ba a yi wa mutanenta wa'azin kwanciyar rai. Hatta Gwamna Aminu Masari a 2021 ya fito fili ya ce jama'a su tashi su kare kansu, gwamnatin Zamfara kuma ta ce a nemi bindiga a Yunin 2022. To amma me ya biyo baya? Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Masu mulki sun yi maganarsu sun koma gida cikin rakiyar jami'ai, talaka aka bari da doka.

Dokar kuwa, wato Dokar Makamai ta 1959, ta jera fistol cikin haramtattun makamai, sahu ɗaya da bam da bindiga mai sarrafa kanta. Lasisinta a hannun Shugaban Ƙasa yake, ba DPO ba, ba ma Kwamishinan 'yan sanda ba. Wanda aka kama da ita hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara 10. Wannan idan an kai shi kotu ke nan. Saurayin da aka laluba a shingen bincike a hanyar Kano zuwa Katsina aka samu ƙarfe a jikinsa, wa zai tsaya sauraron cewa shi ɗalibin Islamiyya ne mai tsare gidan tsohonsa? Sunan ɗan bindiga ko infoma za a laƙa masa kafin ya buɗe baki.

Sannan ita kanta bindigar, finafinai sun yi wa samari ƙarya a kanta. Gajeren baki gare ta, ko ƙwararre da wuya ya samu abin da ya wuce mita 50. Ɓarayin daji kuwa AK-47 suke ratayawa, harsashi 30 a ciki, tana kai mita 300, ga su a ayarin babura. Wanda bai taɓa koyon harbi ba, hannunsa na rawa cikin duhu, ƙanensa da ya fito fitsari ya fi kusa da harsashinsa. Wani abin da dillali ba zai faɗa ba: ko an zare gidan harsashi, ɗaya kan saura a cikin bindigar, kuma shi ne ke tashi a hannun yaro ko abokin da ya ce “kawo in gani.” Ga faɗan iyakar gona, ga rikicin siyasa, ga zafin ƙuruciya. Abin da da mari zai ƙare, sai ya ƙare da jinin Musulmi a wuyan mutum har gaban Allah.

A kuma tambaya, a hannun wa za a saya? Babu shagon halal da ke sayar wa farar hula fistol a Kankiya. Mai kawo ta a ɓoye, shi ne dai mai kai wa daji, kuma kuɗin ɗan'uwa jarinsa za su ƙara.

Mai son tsaron garinsu da gaske yana da ƙofa. Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, inda ake horaswa, ake kuma sanin sunan kowa. Bindigar toka ma, wadda maharba suka gada, doka ta ce a nemi izininta wurin Kwamishinan 'yan sanda. Wajibi ne dagatai da limaman Kusada da Kankiya su tara samarinsu, su rubuta masu son sintiri, su kai sunayen ofishin 'yan sanda da hannunsu, sannan su matsa wa shugabannin ƙananan hukumomin biyu lamba a kan fitilu, babura da man sintiri.