Mai Kanti da Mai Bindiga

Masu karatu, a ce maharbi ko ɗan sintiri ya zo sayayya Samaru da bindiga a kafaɗa, mai kanti ya ce masa, "Malam, ban da ita a ciki." Wa ke da gaskiya?

Mu dai muna bayan mai kanti. A Amurka tsarin mulki ya ba mutane ikon riƙe makami tun 1791, amma duk da haka kantin Walmart ya roƙi masu sayayya su daina shiga da bindiga a bayyane, bayan harbin da aka yi a reshensa na El Paso a 2019. Balle mu nan, inda tsarin mulki bai ba da wannan iko ba. Dokar makamai ta 1959 ke aiki, ko bindigar farauta mai baki biyu sai da lasisi daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Lasisin kuwa na mallaka ne kawai, kanti na mai shi ne.

Sai dai mai bindigar nan watakila shi ya kwana yana gadin unguwarmu saboda masu satar mutane, bai cancanci tsawa ba. Kada kuma a ce ya jingine ta a bakin ƙofa, musamman cikin cunkoson Sabon Gari inda yara ke kai da kawowa. Ya kai ta gida, ya cire harsashi, ya kulle, sa'an nan ya fito cefane.