Tsofaffin Mashayun Landan da Suka Shuɗe

Ya Edita,

Mashayun Landan, ban da sayar da giya, wurare ne na hira da saukar matafiya da taron marubuta, kuma da yawansu sun zama tarihi. Tabard da ke Southwark, inda Geoffrey Chaucer ya tara masu ziyarar Canterbury a littafinsa, an rushe ta a 1873. Mermaid ta unguwar Cheapside, matattarar Ben Jonson da abokansa, ta ƙone ƙurmus a babbar gobarar 1666.

A zamanin nan kuwa, tsadar haya, harajin barasa, arahar giya a manyan kantuna da dokar hana shan taba a cikin gidajen jama'a ta 2007 sun sa da dama sun rufe, aka mayar da su gidajen kwana. Sai dai wata doka ta 2011 ta bai wa mazauna unguwa damar yi wa irin waɗannan wurare rajista a matsayin kadarar al'umma. Carlton Tavern ma, da aka rushe ba da izini ba a 2015, majalisar ƙaramar hukumar Westminster ta tilasta a sake gina ta yadda take, aka buɗe ta a 2021.

Wassalam,
Wani mai karatu, Landan